Takin Zamani Yana da Ranarsa

Kowace shekara, idan watan Yuli ya yi nisa, mukan ga wani abin tausayi a hanyarmu ta zuwa makaranta. Ga gonaki biyu, iyaka ɗaya ta raba su. Ƙasarsu iri ɗaya ce, ruwan da ya sauka a wannan shi ne ya sauka a waccan. Masu gonakin kuma dukansu sun sayi takin zamani, buhu daidai da buhu. Amma masarar ɗaya ta yi kore shar, karanta kamar rake, ta ɗayan kuwa ta yi rawaya, ta tsaya siririya. In ka tambayi mai gona ta biyu, sai ya ce an sayar masa da taki marar kyau. Wani lokaci gaskiyarsa ce, gama akwai masu algus a kasuwa. Amma sau da yawa, in an bi diddigi, sai a tarar takin ba shi da laifi. A wajen ranar zubawa aka yi kuskure.

Wannan magana ta shafi kowane gida. Tun daga shekarar 2022, sa'ad da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, kuɗin taki ya yi tashin da ba mu saba gani ba. Kafin buhu ɗaya ya shigo gida, wani ya sayar da akuya, wani ya ci bashi, wata uwargida kuma ta ba da kuɗin adashinta. Idan takin nan ya lalace a gona, rumbu zai ƙare tun kafin bazara. Mu malamai mun san ƙarshen labarin, gama mu ne muke ganin yaran da sukan daina zuwa aji saboda babu kuɗin makaranta. Domin haka muka ga ya kamata mu tattauna a kan lokacin da ya dace a ba hatsi takinsa.

Abin da Ke Cikin Buhu

Manyan abincin shuka guda uku ne: naitrojin, da fosfaras, da fotash. Su ne ake nufi da haruffan nan N, P, K da muke gani a jikin buhun kamfa. Idan an rubuta 15-15-15, ma'anarsa kowane ɗayansu kashi 15 ne cikin 100. Watau buhun kamfa mai kilo 50 yana ɗauke da naitrojin kilo 7 da rabi. Yuriya kuwa, farin takin nan mai kama da ƙanƙara, naitrojin ne kaɗai a cikinta, kashi 46 cikin 100. Buhu ɗaya nata yana da kilo 23, daidai da na buhun kamfa uku ke nan. Sufa ba ta da naitrojin ko kaɗan, fosfaras ne aikinta.

Naitrojin shi ne mai sa ganye ya yi kore, kara ya yi kauri, ƙwaya ta cika. Abin mamaki, iskar da muke shaƙa kashi 78 cikin 100 naitrojin ce, amma masara da dawa ba su iya cin sa daga iska. A 1909 ne wani Bajamushe, Fritz Haber, ya gano yadda za a kama shi, a 1913 kuma aka buɗe masana'anta ta fari a ƙasar Jamus bisa ga aikin Carl Bosch. Yau ana yin yuriya a nan Nijeriya, a Eleme kusa da Fatakwal, da kuma Lekki ta jihar Legas.

Ga bambancin da ya kamata mu riƙe. Fosfaras yakan zauna inda aka sa shi, ba ya yawo cikin ƙasa, shuka kuma tana bukatarsa tun tana ƙarama domin ta kafa saiwa. Saboda haka da wuri ake ba da shi. Naitrojin kuwa baƙo ne mai gaggawa. In ya zo bai tarar da mai karɓarsa ba, sai ya kama hanya. A 1999 wasu masana biyu na ƙasar Amurka, William Raun da Gordon Johnson, sun yi lissafi, suka ce cikin naitrojin da ake zuba wa hatsi a duniya duka, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake komowa cikin amfanin da aka girbe. Ka duba, mai karatu: buhu uku ka saya, ɗaya ne ya shiga rumbu.

Ɓarayi Uku

Ina sauran yake tafiya? Wani yakan maƙale cikin ƙasa da kara, amma mai yawa ɓarayi uku ne suke kwashe shi.

Na fari ita ce iska. Idan aka watsa yuriya a bisa ƙasa mai ɗan laima aka bar ta a fili, cikin 'yan kwanaki takan rikiɗe ta zama wata iska da ake kira amoniya, ta tashi sama. Duk wanda ya taɓa shiga turken awaki da safe ya ji warin nan mai hawa kai, ya san amoniya. Zafin rana yana ƙara mata sauri. Manomi yana kwance a gida yana murna ya zuba taki, alhali kuɗinsa yana bin iska.

Na biyu shi ne ruwa. Bayan mako ɗaya ko biyu a cikin ƙasa, naitrojin yakan koma wani iri wanda yake bin ruwa duk inda ya nufa. A jigawa, inda rairayi ya yi yawa, ruwa mai ƙarfi yakan nutsar da shi ƙasa can, inda saiwar ƙaramar shuka ba ta kai ba. A gangare yakan wanke shi zuwa rafi. A fadama kuma, inda ruwa yake kwanciya kwana da kwanaki, waɗansu ƙananan halittu na cikin ƙasa sukan mai da shi iska, ya ɓace. Wannan ɓarawo ya fi ƙarfi a lokacin marka.

Na uku ita ce ciyawa. Ta fi hatsi saurin ci. Wanda ya zuba taki a gonar da ba a nome ba, ciyawa ya yi wa biki.

Dukan ɓarayin nan uku abu ɗaya suke so, watau taki ya daɗe a ƙasa ba mai cinsa. Maganinsu shi ne a kawo shi daidai lokacin da shuka take jin yunwa, a kuma rufe shi.

Yaushe Shuka Take Jin Yunwa?

Uwaye mata za su fi kowa gane wannan. Ba a ajiye wa jariri malmalar tuwo a ce ya riƙa ci har ya girma. Kafin ya yi haƙori tuwon ya lalace. Amma yaro mai shekara 14, wanda yake tsakiyar girma, in ba a cika masa kwano ba, sai ya tsumbure.

Haka masara take. Cikin mako uku na fari abin da take ci kaɗan ne, saiwarta ma ba ta yi nisa ba. Har wa yau, ruwan fari yakan ta da ɗan naitrojin da yake cikin ƙasa tun rani, daga ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi. Shi ya sa shukar fari takan fito da kyau ko ba taki, shi ya sa kuma tsofaffi ba su son a makara da shuka. Amma daga sa'ad da masara ta kai gwiwa har zuwa ranar da ta fid da kai, cinta yakan ƙaru ƙwarai. Fiye da rabin naitrojin da za ta ci a rayuwarta duka, cikin makonnin nan take cinsa.

Akwai wani abu kuma wanda ido ba ya gani. Tun masara tana wajen gwiwa, ɗan goyon ya riga ya fara kafuwa a ɓoye cikin kara. A makonnin nan ne ake yanke yawan layukan ƙwaya da tsawon da goyon zai yi. In yunwa ta kama ta a lokacin, goyon zai fito ƙarami, kome aka zuba daga baya kuwa ba zai mai da shi babba ba. Wanda ya jira sai masara ta yi gemu sa'an nan ya kawo yuriya, ya yi ihu bayan hari.

Ita kanta shukar takan faɗi damuwarta. Idan naitrojin ya gaza, ganyen ƙasa ne yake fara yin rawaya, daga tsininsa, ya bi jijiyar tsakiya ya nufi kara. Dalili kuwa, shukar tana kwashe abincin tsohon ganye tana kai wa sabo. Amma kada mu jira sai mun ga haka, gama kafin alamar ta fito an riga an yi hasara.

Masara

A Samaru ta Zariya akwai cibiyar binciken aikin gona wadda aka fara tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga can ne irin masarar nan da ake kira SAMMAZ da dawar SAMSORG suka fito. Shawarar da malaman gona suka daɗe suna bayarwa domin ƙasashen masara, kamar su Zariya da Funtuwa da Saminaka, ita ce naitrojin kilo 120, fosfaras kilo 60, fotash kilo 60 a hekta ɗaya, watau wajen eka biyu da rabi. A lissafin buhu, kamfa 15-15-15 buhu 8 ke nan, da yuriya wajen buhu 2 da rabi. Ga yadda ake raba shi:

1. Zubi na fari: kamfa duka, daga ranar shuka zuwa kwana 14. Kada ya wuce haka.

2. Zubi na biyu: yuriya, mako 4 zuwa 6 bayan shuka, sa'ad da masara ta kai gwiwa, bayan an gama maimai.

Masara mai saurin nuna, wadda take yin kwana 80 zuwa 95, ba ta jiran mako 6. A ba ta yuriyarta a mako na 4, ko kafin haka kaɗan. Wanda gonarsa jigawa ce sosai, yana da kyau ya raba yuriyar kashi biyu, rabi a mako na 4, rabi a mako na 6, domin in ruwa ya kwashe na fari, na biyu ya tsira.

Dawa da Gero

Waɗannan ba su kai masara ci ba. Wajen rabin abin da ake ba masara ya ishe su: kamfa buhu 4 a hekta cikin mako biyu na fari, bayan an rage shukar an bar biyu-biyu a rami, sa'an nan yuriya buhu 1 zuwa 1 da rabi. Gero yana son tasa a mako na 4 ko na 5, sa'ad da yake yin 'ya'ya. Dawa kuma a mako na 5 ko na 6, tun da sauran lokaci kafin ta yi ciki. Doguwar dawarmu ta gida, irin su kaura da farfara, in aka cika mata yuriya sai ta tafi a kara da ganye, iskar ƙarshen damina ta kwantar da ita.

Wuta-wuta, wadda waɗansu suke kira ƙuduji, ta fi yin ɓarna a gonar da ta gaji. Takan kama saiwar dawa tun a ƙarƙashin ƙasa, makonni kafin furenta ya bayyana. Taki a kan kari yana ba dawa ƙarfi ta tsere mata. Wanda ya bari sai ya ga furen, ta riga ta sha rabonta.

Inda aka haɗa hatsi da wake ko gyaɗa a gona ɗaya, a gindin hatsin kaɗai za a sa yuriya. Wake da gyaɗa da waken suya suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu inda suke samun naitrojin daga iska.

Shinkafa da Alkama

Shinkafar dashe sau uku ake ba ta. Kamfa a lokacin dashe ko 'yan kwanaki bayansa. Rabin yuriya bayan mako 3 zuwa 4, sa'ad da take yin 'ya'ya. Sauran rabin kuma sa'ad da kan yake fara kafuwa a cikin kara, wajen wata ɗaya kafin ta fid da kai. Kafin a zuba, a rage ruwan fangali, a kuma toshe mafita, kada takinka ya tafi gonar maƙwabci. Yuriya mai yawa a makare tana kwantar da shinkafa, tana kuma jawo mata ciwon ganye.

Masu noman alkama da rani, kamar a Kadawa ta jihar Kano, sukan yi shuka daga tsakiyar Nuwamba. Su ma rabi ne a ranar shuka, rabi bayan mako 4 zuwa 6. Su kam sun ji daɗi, gama ruwan yana hannunsu: su zuba taki, su bi shi da ban ruwa madaidaici, ya shiga ƙasa.

Yadda Za a Zuba

Ranar kirki ita ce wadda ƙasa take da laima, bayan an yi ruwa, an kuma nome ciyawa. Kada a zuba a busasshiyar ƙasa lokacin da ruwa ya ɗauke, gama ba zai narke ya kai ga saiwa ba, yana kuma iya ƙone shukar. In hadari ya haɗu baƙi ƙirin, a dakata sai ya wuce.

A sami ɗan sanda mai tsini, a huda rami a gefen shuka, nisan yatsu huɗu daga gindi, zurfinsa kuma kamar haka. A zuba takin, a take da ƙafa. Kada ya taɓa kara, kada kuma ya faɗa cikin kunnen masara. Wanda gonarsa take da faɗi, yana iya zuba yuriya a gindi ya bi ta da ban ƙasa a ranar, ba washegari ba. Mun sani aikin yana da wuya, baya yakan yi ciwo. Watsawa ta fi sauƙi, amma mai watsawa da iska yake raba takinsa.

Marfin kwalbar lemo shi ne mudun wannan aiki. Cikinsa ɗaya yana ɗaukar wajen giram 6 na kamfa. In an shuka masara ɗaya-ɗaya, santimita 25 tsakanin rami da rami, 75 tsakanin kunya da kunya, kowace shuka za ta sami kamfa marfi ɗaya da ɗan ɗori, yuriya kuma wajen rabin marfi.

Wanda Ba Shi da Hali Fa?

Wani zai ce, "Malam, kana maganar buhu 8, ni ko biyu ban iya saya ba." Gaskiya ne, yawancinmu haka muke. Amma mai kaɗan shi ya fi bukatar sanin rana, gama ba shi da na ɓarnatarwa.

A cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai a Jamhuriyar Nijar, an gwada wata dabara domin masu gero: a sa kamfa marfi ɗaya kawai a kowane rami lokacin shuka, a gefen iri. Ɗan wannan ya kan sa gero ya tashi da ƙarfi, manoma da yawa a Nijar da Mali da Burkina Faso kuwa sun karɓe ta.

In kana da takin gida, kai shi gona tun rani, a rufe shi da huɗa, gama shi a hankali yake sakin abincinsa. Sa'an nan ka ajiye 'yar yuriyar da ka samu domin ranar da masara ta kai gwiwa. In takin ba zai ishi gona duka ba, zaɓi gefen da ya fi tsiro mai kyau, wanda aka nome sosai, ka ba shi daidai. Gonar da aka yi waken suya ko gyaɗa bara, ita ce ta dace da masara bana. Kada kuma mu sare gawo. Shi yakan zubar da ganyensa da farkon damina, daidai lokacin da shuka take bukata, ba ya kuma yi mata inuwa.

Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Abin da ya fi jawo makara shi ne rashin taki a hannu. Akwai shekarar da mu ma muka zauna jiran taki mai rahusa da aka yi mana alkawari domin gonar makaranta. Kullum sai a ce gobe. Ranar da motar ta iso, masararmu ta riga ta yi gemu. Muka zuba duk da haka, don kada a ce ba mu yi kome ba. Ganyen sama ya ɗan yi kore, amma goyon bai ƙaru ba. Tun daga shekarar muka koyi sayen taki da kaka, sa'ad da aka sayar da amfani, kuɗi yana hannu. Buhu ɗaya da yake ɗaki a watan Mayu ya fi biyu da za su zo a watan Agusta.

A ajiye shi a bisa katako, a ɗaki marar yoyo, bakin buhu a ɗaure, gama yuriya tana shan laima ta dunƙule. A nisanta shi da hatsi, da yara ƙanana, da dabbobi. Akuya ko saniya in ta ci yuriya da yawa, tana iya mutuwa a ranar. Wanda ya zuba taki kuma ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

Ga wani aiki domin 'yan makaranta na gida. Ranar da aka yi shuka, yaro ya rubuta ta a kalandar bango. Ya ƙirga kwana 14 ya yi alama, ya ƙirga mako 4 da mako 6 ya yi alama. Da yawa cikinmu mukan ce, "Ai ba a daɗe da shuka ba," alhali wata biyu ya wuce. Maigida da uwargida su zauna tun yanzu su shirya wanda zai huda rami, da wanda zai zuba, da wanda zai rufe, domin a gama cikin kwana ɗaya ko biyu.

Wanda yake shakka, gani ya kori ji. Haka muke yi da ɗalibanmu kowace damina. Ware kunya shida a gefen gonarka. Biyu ka ba su takinsu duka a ranar shuka. Biyu ka raba musu kamar yadda muka faɗa. Biyu kuma ka jira sai sun fid da kai. Takin ya zama daidai wa daida. Da kaka ka karya kowane kashi dabam, ka auna da tiya a gaban iyalinka. In ka yi haka, rubuto mana abin da ka samu, domin sauran masu karatu su ƙaru.

Allah ya ba mu damina mai albarka.